Kundin aikin tsabtace ɗakunan gwajin DNA na shaidun laifi, Accra

Litinin, 13 ga Janairu 2025

An buɗe wannan kundi domin aiki guda: a gyara yadda ake wanke ɗakunan gwaji, har mu tabbata cewa duk tambarin DNA da na'ura ta fitar daga kayan shaida ya zo, ba daga teburinmu ko hannunmu ba. Da Hausa ake rubuta shi saboda masu shara da yawancin mataimakan lab 'yan unguwannin Nima ne da Mamobi, kuma hannunsu ya fi na kowa taɓa ɗakunan. Takardar ƙa'ida ta Turanci tana nan manne a bango, amma ranar da aiki ya yi yawa abin da mutum ya ji da harshensa shi yake tunawa.

Sai an san ƙanƙantar abin kafin a gane wahalarsa. Ƙwayar halitta ɗaya ta jikin mutum tana ɗauke da DNA kamar fikogiram 6 (fikogiram 1,000 ne nanogiram ɗaya, nanogiram biliyan ɗaya ne giram ɗaya). Kayan gwajin da ake amfani da su yanzu suna son rabin nanogiram zuwa nanogiram ɗaya, wato ƙwayoyi 80 zuwa 160 ko kusa da haka, amma suna iya fitar da tambari daga abin da bai kai wannan ba nesa ba kusa ba. Ɓurɓushin amosanin kai, feshin yawun mai magana, gumin yatsa a marfin kwalba, kowanne ya isa. Injin PCR kuwa, mai ninka DNA har ta isa a karanta, bai san na mai laifi ba, bai san na ma'aikaci ba. Abin da ya tarar shi yake ninkawa, zagaye 28 zuwa 30, kuma a lissafi zagaye 30 yana mai da kwafi ɗaya sama da biliyan.

Ɗakuna huɗu aikin ya shafa: ɗakin buɗe kayan shaida, ɗakin cirar DNA, ɗakin haɗa sinadaran PCR, da ɗakin bayan PCR inda ake karanta sakamako. An yanke cewa kada a canza komai a wankin yau da kullum sai an auna halin da ake ciki. In aka gyara kafin awo, babu abin da za a kwatanta da shi.

Alhamis, 16 ga Janairu

An ɗauki samfur daga wurare 30, da safe bayan sharar da aka saba, ba tare da an sanar da kowa ranar ba. Kowane wuri tsinken auduga biyu: na farko a jiƙa shi da ɗigo biyu na ruwan da babu DNA a cikinsa, a goga a fili mai faɗin santimita 10 da tsawon 10 ana murza tsinken, na biyu busasshe ya bi baya ya kwashe danshin. Jiƙaƙƙen yana tayar da ƙwayoyin da suka bushe suka manne, busasshen yana ɗebe su. Inda ba shimfiɗaɗɗen fili ba ne, kamar mariƙin ƙofa, an goge duk inda hannu ke kamawa.

Rabin wuraren waɗanda kowa ke zato ne: saman tebur, cikin akwatin PCR, almakashi, hantsaki. Sauran rabin waɗanda ba a lissafa su cikin wanki: mariƙin firji da na firiza, madannin kwamfuta, biro da maka, ruler da ake ajiyewa gefen kaya wajen ɗaukar hoto, jikin kyamarar kanta, ƙasan leɓen tebur inda ake kamawa a jawo kujera, bakin kwalin safar hannu, da kwalbar feshin da ake wanki da ita. An haɗa da tsinke biyu daga ƙunshi ɗaya waɗanda ba su taɓa komai ba. Idan su ma suka nuna DNA, matsalar a tsinke take ko a ruwa, kuma sakamakon ranar gaba ɗaya ya faɗi.

Laraba, 29 ga Janairu

Sakamako ya fito. Tsinkayen da ba su taɓa komai ba fanko suke, alhamdu lillahi, don haka ana iya yarda da sauran.

Saman tebura, wanda ake gogewa kullum, bai nuna abin tashin hankali ba: ko babu komai, ko tsini ɗaya biyu marasa ƙarfi a zanen sakamakon da na'ura ke fitarwa. Abin ya taru ne a wuraren da ba na kowa ba. Mariƙin firiza ya ba da cakuɗen mutane da yawa. Haka madannin kwamfuta da kyamara. Ruler ta ba da tambari mai ƙarfi, ita da ake kwantarwa jikin rigar da aka kawo shaida. Wanda ya fi ɓata rai shi ne maƙogwaron kwalbar feshi: mutum ya taɓa kayan shaida da safar hannu, ya ɗauki kwalbar ya fesa, na bayansa ya sa sabuwar safa ya ɗauki kwalbar, sannan ya buɗe wata shari'a. Kayan wankin da kansu ne ke yawo da abin daga tebur zuwa tebur.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Ingila a 2011 an tsare wani mutum kusan wata biyar kan zargin fyaɗe a Manchester, daga baya aka gano cewa wani farantin roba da ya kamata a jefar aka sake amfani da shi a lab, samfurinsa na wata shari'a daban ya shiga wannan. Ba ƙwarewa aka rasa ba a can, faranti ɗaya ne ya koma inda bai kamata ba.

A kan shiryayyen da ke ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki an samu cikakken tambarin namiji ɗaya, akwai X akwai Y, wanda bai dace da kowa cikin masu gwaji ba. An ajiye shi a matsayin baƙo har a kammala rajistar tambarin DNA na masu shiga ɗakunan, wato kundin ware ma'aikata.

Abu biyu an fara tun yau ba sai an jira komai ba. Na farko, gaisuwa a ƙare ta a baranda. Mu mutane ne masu doguwar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, kuma an ga ana yinta a bakin ƙofa takunkumi a haɓa alhali kayan shaida suna buɗe. Mai buɗe kaya ba a yi masa sallama, ba ya amsawa, kuma ba rashin ladabi ba ne. Na biyu, goro da cingam da waya ba sa wuce ɗakin canza kaya.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau kan bilic aka zauna, wanda a kasuwar Makola da shagunan Nima kowa ke kira Parazone ko da wani kamfani ne ya yi shi. Sinadarin da ke aiki a cikinsa sodiyam haifokulorait ne. Yana kakkarya DNA ya lalata ta yadda ba za ta ninku ba. Wannan ne bambancinsa da etanol, wato sifirit na lab, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta amma ya bar DNA lafiya lau. Shi ya sa ma ake amfani da etanol wajen wanke DNA a lokacin cirarta: da yana lalata ta, da ba a yi haka ba.

An gano kuskure a ƙa'idar da ke bango. Ta ce a haɗa bilic "kashi 10 cikin 100". Waɗanda suka fara rubuta irin wannan ƙa'ida suna nufin a ɗauki bilic mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6 a sirka shi ɗaya cikin goma, a samu kashi 0.5 zuwa 0.6. Galan ɗin da ke sito kuwa kashi 3.5 aka rubuta a jikinsa. Ɗaya cikin goma na wannan kashi 0.35 ne kawai, tun ma idan sabo ne. Daga yau ba a rubuta "kashi 10" a ko'ina, ƙarfin da ake so a ƙarshe shi ake rubutawa, da awonsa:

Domin lita ɗaya mai kashi 0.5, idan galan mai kashi 5 ne, mililita 100 na bilic da 900 na ruwa. Idan mai kashi 3.5 ne, mililita 143 a cika da ruwa zuwa lita, wato awo ɗaya na bilic, awo shida na ruwa. Domin kashi 1, wanda za a riƙa amfani da shi inda jini ko wani ruwan jiki ya zuba, mililita 200 daga mai kashi 5, ko 286 daga mai kashi 3.5. Da silinda mai lamba ake awo. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, to a nan bai sani ba, hanci ma bai sani ba. Bilic da ya raunana yana nan da warinsa.

Lambar jikin galan ɗin ma ta ranar da aka cika shi ce. Zafi da hasken rana suna cinye ƙarfin haifokulorait, kuma galan da ya yi makonni a teburin mai shago cikin ranar Accra ba shi ne wanda ya baro masana'anta ba. An sayo takardun gwajin kulorin masu kaiwa manyan lambobi. Kashi 0.5 daidai yake da 5,000 cikin miliyan. Kowane sabon galan za a sirka a gwada kafin a karɓe shi, a ajiye shi a kabad mai duhu a ɗaki mai sanyi. Haɗin aiki kuwa kowace safiya sabo, da ruwan sanyi, a kwalba marar nuna haske, a rubuta rana da sa hannun wanda ya haɗa. Na jiya a zubar.

Laraba, 12 ga Fabrairu

An shirya gwajin hanyoyin wanki. Yawun ma'aikaci ɗaya da ya yarda a rubuce, an sirka ɗaya cikin goma, an ɗiga maikirolita 20 a murabba'ai da aka zana a kan abu uku: ƙarfe marar tsatsa, guntun katakon tebur mai rufin roba, da roba mai kaushi irin ta mariƙin firiza. An yi wani jerin da jini. Za su kwana su bushe. Gobe za a wanke da hanya biyar: ruwa zalla, etanol kashi 70, bilic kashi 0.5 a goge nan take, bilic kashi 0.5 a bar shi jiƙe minti 10, da garin kashe ƙwayoyin cuta mai suna Virkon kashi 1, wato giram 10 a lita. Kowace hanya sau uku, da murabba'in da ba a wanke ba domin kwatance, da murabba'i fanko a gefen kowanne don a ga ko gogewa tana ɗaukar abin ta kai gaba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ruwa da etanol sun rage yawan DNA, domin tsumma ko da me aka jiƙa shi yana kwasar wani abu, amma tambarin ya fito a karance, kuma ya bayyana a murabba'in gefe da ba a ɗiga komai ba. Wato shafe shi aka yi aka baza. Bilic da aka bari minti 10 ya share yawu a kan ƙarfe da katakon tebur. Virkon ma ya yi kyau. Bilic da aka goge nan take ya bar saura, musamman a roba mai kaushi. Jini ya fi taurin kai, dalili kuwa shi ne furotin da sauran dattin jiki suna cinye kulorin kafin ya kai ga DNA.

Saboda haka wankin tebur ya zama hawa huɗu, kuma ba a tsallake ko ɗaya. A fara kwashe dattin da ido ke gani da ruwan sabulu da takardar goge. A jiƙa wurin da bilic ya zauna minti 10. A ɗauraye da tataccen ruwa. A bi da etanol kashi 70 don ya bushe da wuri, sannan a shimfiɗa sabuwar takardar tebur. Ɗaurayar ba ado ba ce. Bilic da ya bushe a tebur yana barin gishiri fari wanda zai lalata DNA na kayan shaidar da aka ɗora a kai, yana cin ƙarfe yana huda masa ƙananan ramuka inda datti zai maƙale gobe, kuma ba a son ya gauraya da etanol kai tsaye.

An daina fesawa a kan tebur. Feshi yana tayar da abin da ke kwance ya watsa shi, kuma yana shiga huhu. Takarda ake jiƙawa sharkaf, a goge daga sama zuwa ƙasa, daga bayan tebur zuwa gaba, hanya ɗaya ba komawa, a ninke takardar a kowane layi, a jefar idan fuskokinta sun ƙare.

Wata matsala ta lokacinmu: da ragowar hunturu da na'urar sanyaya ɗaki, bilic yana bushewa kafin minti 10 su cika. Da zarar ya bushe, aikin wankin ya tsaya. Ana sake jiƙawa a tsakiya, ko a bar jiƙaƙƙiyar takardar kwance a wurin. An sa agogon ƙararrawa a kowane ɗaki, shi ma ya shiga jerin abin gogewa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Gargaɗi mai jan alƙalami. Ruwan sharar da ke fita daga cirar DNA yana ɗauke da gishirin guwanidin, kuma masu yin kayan cirar da kansu sun rubuta kada a zuba masa bilic, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba. An tarar da jarkar sharar kusa da kwalbar bilic a gefen sinki, ba a kai ga haɗa su ba. An mayar da jarkar kabad daban da jan tambari. Idan irin wannan ruwa ya zube, a tsane shi da takarda, a wanke da sabulu da ruwa, sai bayan nan bilic ya zo. Haka nan ba a haɗa bilic da ruwan wankin bayi mai asid ko mai amoniya.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama. An mayar da babban wanki mai bilic zuwa sassafe, kafin ƙishi da gajiya su sauka, domin warin kulorin yana wahalar da mai azumi kuma kuskure ya fi yawa bayan azahar.

An yi zaman horo da masu shara. Kowane ɗaki yanzu da mofarsa da bokitinsa da launinsa: kore na ɗakin kayan shaida, shuɗi na cira, fari na haɗa PCR, ja na bayan PCR. Ana farawa daga fari a ƙare da ja, kuma wanda ya shiga ja ba ya komawa sauran ɗakunan a ranar. Babbar mai shara ta tambayi ɗaya daga cikin matasan lab: "Ɗana, ɗakin nan ja ya fi kowanne haske, ko ƙura babu, me ya sa kuke gudunsa kamar masai?" Ya ce mata: "Hajiya, a can ne ake buɗe kwalaben da injin ya gama ninkawa. Ɗigon da ba za ki gani ba a ƙasan takalminki ya fi duk abin da ke jikin rigar shaida yawa sau dubbai." Ta ce to, a raba takalman ma. An karɓi shawararta: kowane ɗaki da takalmansa na roba, masu launin ɗakin.

An hana tsintsiya kwata-kwata, tana tayar da ƙura. Masu shara ƙasa da sinki da ƙofofi ne nasu, tebur da na'urori na mai gwajin da ya yi aiki a wurin ne, kafin shari'a da bayanta. Wuraren da a baya ba na kowa ba, mariƙai da madannai da kyamara da kwalaben wanki, an rubuta sunan mai kula da kowanne a takardar mako.

Sa kayan kariya ma an tsara shi: takunkumi da farko, sai hular rufe gashi, sai riga, sai safa biyu, ta ciki ta hau kan hannun riga. Mai hijabi tana ɗora hular a kansa, a cusa gefunan cikin riga. Mai gemu yana ƙara mayafin gemu, takunkumi kaɗai ba ya rufe shi. Wanda ya dawo daga alwala ya tsane hannu da fuska sosai kafin ya taɓa kwalin safa.

Maganar kundin ware ma'aikata ta ɗauki lokaci, kuma ta cancanci haka. Tsoron mutane shi ne a sa su cikin jerin masu laifi. An bayyana cewa kundin daban yake, lamba ake sawa ba suna ba, mutum ɗaya ke riƙe da mabuɗin lambobin, ba a amfani da shi sai don gano gurɓata, kuma sai da yardar mutum a rubuce, kamar yadda dokar kare bayanan mutane ta Ghana ta 2012, doka mai lamba 843, ta buƙata. Amfaninsa ga ma'aikaci ne da kansa: in tambarinsa ya faɗa kan kayan shaida ba a san shi ba, za a yi ta neman wanda babu shi.

Talata, 18 ga Maris

Baƙon nan na 29 ga Janairu ya samu mai shi: mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, wanda ya ba da samfurinsa da ya zo wanke matatar iskar na'urar. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa ba shi riga ko safa. Yanzu duk mai gyara yana sa cikakken kaya, ana kulle kayan shaida kafin ya shiga, ana yin babban wanki bayan ya fita. An ɗauke shiryayyen daga ƙarƙashin na'urar.

Makon nan na na'urori ne. Fifet, wato abin zuƙo ɗan ruwa daidai awo: a cire hancinsa na ƙasa, a jiƙa a bilic kashi 0.5 minti 10, a ɗauraye sosai, a bari ya bushe sarai kafin a mayar. Ba a jiƙa fistin da sifirin. Bayan an haɗa a gwada a sikeli, maikirolita 100 na ruwa ya ba da kusan miligiram 100. Bakin da ake sa masa kullum mai matata ne, don kada tururin samfur ya hau ciki. Injin juya kwalabe: kansa na alminiyam ne, bilic yana cin sa, don haka sabulu mai sauƙi da burushi a kowane rami, in jini ya zuba a yi bilic na ɗan lokaci a ɗauraye nan da nan, a kife ya bushe. Almakashi da hantsaki: bilic, ruwa, etanol tsakanin kowane kaya da na gaba, a buɗe su domin mahaɗarsu ce maɓoya. Inda reza mai amfani sau ɗaya za ta yi aikin, ita ta fi.

An dogara da fitilar UV, mai haskaka wurin aiki don lalata DNA, fiye da kima. Haskenta mai nanomita 254 yana manne haruffan T (ɗaya daga cikin haruffa huɗu na DNA) da ke maƙwabtaka a jikinta har ninkawa ta gagara, amma sai inda hasken ya sauka kai tsaye. Ƙasan rak, cikin rufaffiyar kwalba, bayan fifet, duk inuwa ce. Busasshen tabo mai kauri yana kare abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙwan yana ci gaba da ba da shuɗin haskensa bayan ƙarfinsa ya ragu, masu yin sa suna ba shi kamar awa 8,000 zuwa 9,000, kuma ba mu da rubutun awannin namu. An sa sababbi, an buɗe takardar awanni, ana goge ƙurar jikinsu da etanol duk mako a kashe. UV ƙari ne bayan wanki, minti 20 zuwa 30, babu mutum a gabansa.

Tukunyar turara kaya ma haka. Digiri 121 na minti 15 zuwa 20 yana kashe ƙwayoyin cuta, amma guntayen DNA da gwajinmu ke karantawa gajeru ne, haruffa 100 zuwa 450 ko kusa, suna iya tsira. An hana turara sharar ɗakin ja a tukunyar da ake sa kayan sauran ɗakuna.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo hutun Sallah, an yi babban wanki kafin a buɗe ko shari'a ɗaya: bango har tsayin hannu, ƙafafun kujeru, cikin aljihun tebur.

Sabbin tsinkaye sun iso ta tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma a kwalinsu an rubuta cewa babu ƙwayar cuta kawai. An dakatar da su. A Jamus 'yan sanda sun yi shekaru suna farautar wata mata da tambarinta ya bayyana a wuraren laifi kusan 40 a Jamus da Ostiriya da Faransa, har da kisan wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. A Maris 2009 aka gano DNA ɗin ta wata ma'aikaciya ce a masana'antar da tsinkayen audugar suka fito. Tsinkayen ba su da ƙwayar cuta, amma suna da DNA. Bayan wannan ne aka fitar da ma'aunin ISO 18385 a 2016 domin kayan da ake tattara shaida da su. Oda ta gaba sai mai wannan ma'auni. Waɗanda suka riga suka iso, an zaro biyar daga kwalaye daban-daban an sa su a gwaji fanko, haka za a riƙa yi wa kowane sabon rukuni na tsinke da kwalba da ruwa.

An kuma kama wata ɓarauniyar hanya: fayil ɗin shari'a na takarda yana bin samfur har ɗakin ja, sannan ya dawo ɗakin kayan shaida a sa hannu. An tsayar. Abin da aka rubuta a ɗakin ja ana ɗaukar hotonsa a can a tura ta kwamfuta, takardar ba ta fita sai a rufaffiyar leda zuwa ofis.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ruwa ya sauka, matsalolin sun juya. Yanzu bilic ba ya bushewa da wuri, amma tsinkaye ma ba sa bushewa, kuma tsinke mai danshi a rufe fumfuna ce ke cinye DNA ɗinsa. Ana busar da su a kabad mai rufi, kowace shari'a a hawanta, a zuba a ambulan takarda ba leda ba. An fitar da duk kwalaye daga ɗakunan gwaji, suna shan danshi kuma ba sa goguwa.

An ɗauke wuta daren Talata, janareta ya yi jinkirin tashi, ƙanƙarar firizar kayan shaida ta fara narkewa. Ruwan narkewa yana wanko bayan kwalabe da jakunkuna ya gangara hawan ƙasa. An kwashe komai zuwa wata firiza, an goge bayan kowace jaka, an wanke cikin da hawa huɗun nan, an rubuta lambar duk shari'ar da ke hawan ƙasa a fayil ɗinta. Daga yanzu komai a akwatin roba mai marfi yake shiga firiza. Idan wuta ta ɗauke ana cikin aiki, fankar da ke tura iska daga ɗakin fari zuwa waje ta tsaya, don haka a rufe kwalabe, a bar ƙofofi a rufe, kuma a sake kunna agogon UV daga farko idan ta dawo.

Talata, 13 ga Mayu

An maimaita wurare 30 na Janairu, da hanya ɗaya, ba sanarwa. Kwalbar wanki, ruler, kyamara da mariƙin firji sun fito fanko. Madannin kwamfuta ya gyaru tun da aka sa masa rufin roba mai goguwa. Kwalaben fanko, marasa samfur, da ke bin kowane rukunin cira da na PCR don gano gurɓata ba su nuna cikakken tambari ba tun tsakiyar Maris, sai tsini guda da ya leƙo sau ɗaya bai maimaitu ba, an rubuta shi a takardar gurɓata.

Wuri biyu sun ƙi. Mariƙin firiza mai kaushi har yanzu yana ba da cakuɗe, an yi odar mai santsi, kafin ya zo ana naɗe shi da leda ana canzawa kullum. Na biyu mahaɗar tebur da bango a ɗakin kayan shaida, inda silikon ya tsage, takarda ba ta kaiwa ciki. Za a kankare a sake zubawa ranar Asabar, mai aikin ya riga ya ba da samfurinsa.

Awon wurare zai zama na wata-wata, wurare 12, takwas tsayayyu, huɗu a zaɓa ranar. 'Yan sandan da ke kawo kaya ba su shiga kundin warewa ba tukuna, an aika wasiƙa ana jiran amsa. Motar ɗaukar kayan shaida da akwatunanta ba a taɓa gwada su ba, an sa su a jerin 10 ga Yuni.